Def Jam ɗin da ya ƙi zuwa: rigimar kawu da ɗan 'yar'uwarsa a wani gidan gem a Bolari

Duk wanda ya yi zaman gidan gem a Gombe lokacin da na'urar gem ta PlayStation 2, wato PS2, ke tashe ya san cewa in ka cire bal, wato Winning Eleven da PES, gem biyu ne ke tara mutane a gaban tibi har a rasa wajen tsayuwa, Mortal Kombat da Def Jam. Mortal Kombat dai har gobe ana fitar da sabo, Mortal Kombat 1 ma a 2023 ya fito. Shi kuwa Def Jam: Fight for NY tun da kamfanin EA ya sake shi a watan Satumba na 2004 ba a sake yin irinsa ba, sama da shekara ashirin kenan, kuma wallahi har yau akwai masu jira. Lamarin da zan kawo na wani shago ne a Bolari inda wannan jiran ya wuce hirar benci ya shiga lissafin kuɗi, har ya kusa ɓata tsakanin mai shagon da yaron da ya ɗora a kai.

Shagon ba wani babba ba ne, ɗaki ɗaya ne ciki da baranda, tibi uku, bencuna, fanka ɗaya da ƙaramin janareta a waje. Mai shi ya buɗe shi yana saurayi, daga baya da ya yi aure ya samu rumfar kayan waya a kasuwa sai ya bar wa ɗan yayarsa ya riƙa kula da shi, duk sati a yi lissafi. Yaron Kawu yake ce masa, mu kuma tsofaffin kwastomomi Oga muke cewa. Tibi biyu an daɗe da mayar da su PS4 saboda bal, na ukun, na can lungu, shi ne matsalar. PS2 ce a kai, siririyar nan, da akwatin da ake jona pad huɗu, kuma kusan abu ɗaya ake bugawa a kanta.

Ga wanda bai taɓa bugawa ba, gem ne na faɗa amma ba irin na Mortal Kombat da ake tsayawa a layi ɗaya ana jifan juna da wuta ba. Kokawa ce da dambe a cikin kulob-kulob da lungunan birnin New York, 'yan kallo sun zagaye ku, in ka wurga mutum cikinsu sai wani ya riƙe maka shi ta baya ka yi ta jibga, wani ya miƙo maka kwalba ko sanda. Salon faɗa biyar ne, akwai na titi, akwai na ƙafa da gwiwa, akwai kokawa, akwai na murɗe gaɓa har mutum ya sallama, akwai irin na 'yan kunfu, kuma ɗan wasanka zai iya haɗa har uku. In mitarka ta cika sai ka kunna Blazin ka damƙi mutum ka yi masa dukan da duk ɗakin sai an miƙe tsaye. Akwai filin tashar jirgin ƙasa inda ba sai ka ƙarar da jinin mutum ba, ka dai lallaɓa shi bakin layin dogo, jirgi na tahowa ka tura shi, shi ke nan. A shagon nan doka aka kafa a kan wannan filin, in da kuɗi a tsakani ba a zaɓarsa, saboda an sha yin rigima a kan cewa turawa ba ci ba ne.

Abin da ya sa gem ɗin ya fita daban kuma shi ne 'yan wasan mutanen gaske ne, da fuskarsu da muryarsu. Snoop Dogg ne uban mugaye mai suna Crow, Method Man shi ne Blaze, Redman shi ne Doc, Busta Rhymes shi ne Magic, Fat Joe shi ne Crack, wanda duk mai bin labarin gem ɗin sai ya sha wuya a hannunsa kafin ya wuce. Ga Ludacris, Ice-T, Xzibit, Sean Paul, Lil' Kim, Sticky Fingaz, har da 'yan fim irin su Danny Trejo da Omar Epps. Da yawan yaran Bolari a gem ɗin suka fara sanin waɗannan mutane, ba su san ma mawaƙa ba ne sai daga baya. A riƙe wannan maganar ta mutanen gaske, don ita ce ta ɗaga gem ɗin kuma ita ce ta ɗaure shi.

To matsayin Oga tun farko shi ne ba za a taɓa tibin lungu ba sai ranar da sabon Def Jam ya fito, ranar za a ɗauke PS2 a sa sabuwar na'ura, mutanensa su ci gaba daga inda suka tsaya. Mutanensa kuwa su ne irinmu, masu shekara talatin da wani abu, masu aiki da iyali, da ba ma zuwa sai bayan isha'i, mu zauna mu daɗe, mu cika wajen da musu, kuma gaskiyar magana mu biya kuɗin da bai kai na yaran da ke buga bal ba, don an saba da tsohon farashi kuma ba wanda ke iya kallon idon yayansa ya ce an ƙara. Matsayin yaron kuma a fili yake, da la'asar yara na layi suna jiran tibi biyu, na uku na zaune a kashe, in aka sa PS4 a wajen kuɗin sati zai tashi. Ya sha faɗa, “Kawu, wannan tibin fa haya yake ci ba ya biya.” Shi kuma ya ce, “Kai yaro ne, da kuɗin wannan tibin aka sayi sauran biyun.” Kuma duk su biyun gaskiya suka faɗa.

Wani zai ce ai an yi na gaba, Def Jam: Icon. An yi, a watan Maris na 2007, a PS3 da Xbox 360, amma ka ambaci sunansa a lungun nan ka ga yadda za a harare ka. Waɗanda suka gina faɗan Fight for NY wani kamfanin Japan ne mai suna AKI, gwanayen gem ɗin kokawa, su suka yi WWF No Mercy a 2000, suka haɗa hannu da reshen EA na Kanada. Shi Icon reshen EA na Chicago aka ba wa, masu gem ɗin damben Fight Night, suka zubar da kokawar suka kawo wani tsari da gine-gine ke rawa da kiɗa ana fashe-fashe, faɗan ya yi nauyi ya yi sanyi. Kafin shekarar ta ƙare, a Nuwamban 2007, EA ta rufe reshen Chicago ɗin baki ɗaya. Ita ma AKI a 2007 ta canza suna zuwa syn Sophia, ta koma yin gem irin su Style Savvy na Nintendo DS, gem ɗin sayar da kayan kwalliyar mata. Mutanen da suka koya mana tura mutum gaban jirgi sun koma zaɓa wa kwastoma siket da jaka, abin dariya abin takaici.

Abin da ya hura wutar a shagon shi ne tsokanar da shafin Def Jam na Twitter ya yi. A 2018 suka saka hoton gem ɗin suna tambayar mutane wane birni suke so faɗan ya koma, intanet ta ɗauka, masu bidiyo a YouTube suka shiga haɗa hotunan ƙarya na sababbin mawaƙa cikin fili ana cewa ga tallar sabon gem. A 2020 suka sake yin irin wannan tsokanar, ta zo daidai da lokacin da ake shirin fitar da PS5 a watan Nuwamba, sai kowa ya haɗa biyu da biyu da kansa. Oga ya ɗauki maganar da gaske. Da ya kwashi adashinsa, kuɗin da yaron ya sa rai za a sayi PS4 ta uku da su, sai ya ce a'a, a ajiye, kar a sayi tsohuwar na'ura yau gobe sabon Def Jam ya fito a kan PS5 kaɗai a yi asara biyu. Kuɗin suka zauna, naira ta yi ta zubewa, abin da zai sayi na'ura da pad biyu ya dawo da kyar zai sayi na'urar. A nan yaron ya fara jan jiki, lissafin sati ya koma aike, gaisuwa ta koma ta dole.

Abin da Oga bai lura da shi ba, kuma yawancinmu ba mu lura ba a lokacin, shi ne wanda ke tsokanar ba shi ke yin gem ba. Def Jam kamfanin waƙa ne, an kafa shi a 1984, yanzu yana ƙarƙashin Universal Music. Suna da sunan, amma gem ɗin EA ce ta fitar, kuma EA ba ta taɓa fitowa ta ce tana aikin sabo ba. Mai kula da shafi ya ga hoton tsohon gem na jawo masa mabiya, ya saka, shi ke nan.

Sai kuma maganar filash, wadda ita ce ta kai abin ƙarshe. Wani mai zuba gem a filash ya zo ya ce ya samo sabon Def Jam na PS2, har da hoton bango mai sababbin fuskoki. Dalilin da ya sa aka yarda da shi yana da ma'ana, don mu a nan mun saba duk kakar wasa sai an kawo mana “sabon” PES na PS2 da sababbin 'yan wasa da sababbin riguna, alhali Sony ta daina ƙera PS2 tun wajen ƙarshen 2012. Wasu gwanaye ne a ƙasashe irin su Brazil da Indonesiya ke buɗe tsohon gem su sauya sunaye da riguna su sake shi, na Brazil ɗin ma har suna gare shi, Bomba Patch. Saboda haka a idon ɗan gidan gem na Gombe gem ba ya mutuwa, kullum akwai na bana. Oga ya biya, aka tara mutane da daddare, aka jona, hoton farko ya fito sabo fil har wani ya fara tafi, ana shiga sai ga D-Mob, ɗan wasan tsohon gem ɗin, ga Blaze, ga filin farko da kowa ya haddace. An dai canza wa wasu riguna, an sa wasu waƙoƙi daban, sauran duk tsohon ne. Yaron bai ce uffan ba, ya tashi ya fita ya duba man janareta, kuma kowa ya san me shirun ke nufi.

Yanzu me ya sa ba a yin sabon, tunda ga masu so a ko'ina, ba Gombe kaɗai ba? A ganina babban dalili shi ne haƙƙin mallaka. A 2004 an tara mawaƙa da taurari masu ɗimbin yawa a faifai ɗaya, kowa da yarjejeniyar fuskarsa da muryarsa, ga waƙoƙin da ke tashi a fili kowace da masu ita, wanda ya rera daban wanda ya rubuta daban kamfanin da ya fitar daban, ga kayan sawa na gaske da kake saya wa ɗan wasanka irin su Reebok da Phat Farm da Sean John, har mai sayar da sarƙa da agogon cikin gem ɗin mutum ne na gaske, Jacob the Jeweler. Duk waɗannan takardu na wancan faifan ne na wancan lokacin. Ko tsohon kake so ka goge ka sake fitarwa sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya, abin ya zama kamar gidan gado mai magada da yawa, mutum ɗaya ya ƙi sa hannu ciniki ya tsaya. Wasu sun bar kamfanin, wasu sun zama attajiran da kuɗin da aka ba su a da ba zai sa su ɗaga waya ba yanzu, Snoop ma ya sayi kamfanin waƙa na Death Row a 2022, wasu kuma sun rasu, kamar mawaƙi Prodigy na ƙungiyar Mobb Deep a 2017, sai dai a nemi magadansa. Shi ya sa ba za ka ga Fight for NY a kantin PlayStation na intanet ba, kuma shi ya sa faifansa na orijinal a Amurka yake tsada fiye da sabon gem.

Kuma an ga abin da ke faruwa in aka yi sakaci da wannan. A 2010 an fitar da Def Jam Rapstar, gem ɗin rera waƙa da makirfo wanda kamfanin Konami ya rarraba, ba EA ba. A 2012 kamfanin waƙa na EMI ya maka waɗanda suka yi shi a kotu yana neman sama da dala miliyan 8 kan waƙoƙin da ya ce an sa ba izini. Duk wani manajan da za a kawo wa takardar sabon Def Jam ya san wannan labarin.

Na biyu lissafin EA ne da kanta. A shekarar kuɗi ta 2021 kaɗai, Ultimate Team, wato sayar da katunan 'yan wasa a cikin FIFA da Madden da sauransu, ya kawo mata kusan dala biliyan 1.6. Kamfanin da ke da irin wannan hanyar kuɗi, wanda ya iya rabuwa da sunan FIFA ma bayan FIFA 23 ya koma EA Sports FC bai girgiza ba, me zai kai shi bin mawaƙa gida-gida don gem ɗin da za a saya sau ɗaya a ajiye? Gem na yanzu kuma ba irin na 2004 ba ne da ake gamawa cikin shekara ɗaya ko biyu, sai an kwashe shekaru da ɗaruruwan ma'aikata.

Na uku shi ne wanda ba ma son ji. Duk son da aka yi wa gem ɗin nan a Bolari da Jekadafari da Pantami, ko sisi bai kai EA ba. Na'urorinmu duk an yi musu aiki don su karanta kwafi, faifan daga kasuwa ne na kuɗi kaɗan, daga baya ma aka daina faifan aka koma filash. A littafin kamfanin babu mu. Masu son wani gem mai suna Shenmue da suka gaji da jiran na gaba kuɗi suka fito da shi, a 2015 mutum sama da dubu 69 suka tara fiye da dala miliyan 6 a shafin tara kuɗi na Kickstarter, Shenmue III ya fito a 2019, duk da dai da ya fito ɗin da yawa sun ce ba abin da suka jira ke nan ba. Masu jiran gem ɗin Half-Life 3 tun 2007 suke zaune, masu jiran Bully 2 tun 2006, su aƙalla kamfani ɗaya ne ke riƙe da makullin, in ya ga dama gobe ya yi. Na Def Jam makullin a warwatse yake.

Ni dai ina ganin yaron ya fi kawunsa gaskiya a kan kuɗi, amma akwai abin da shi ma bai auna ba. Mutanen lungun nan su ne ke sa iyaye a unguwa ba sa yi wa shagon kallon matattarar banza, don in manya na zaune ba a zagi ba a caca a fili, in an kira salla a kashe tibi, in yaro ya zo da kayan makaranta a kore shi. Lokacin da aka taɓa kai ƙarar gidajen gem wajen mai unguwa, cikinsu ne aka samu wanda ya je ya yi magana. Wannan ba ya fitowa a lissafin sati.

Abin da ya yanke rigimar a ƙarshe ba hujjar kowa ba ce, mai ne. Da aka cire tallafi a ƙarshen watan Mayun 2023 kuɗin lita ya ninka, kunna janareta da daddare don mutum huɗu masu biyan tsohon farashi ya zama asara ƙarara, har Oga bai iya musu ba. Yayar tasa, wato uwar yaron, ita ta zaunar da su a gida, don ta gaji da jin ƙorafi daga ɓangare biyu. Aka sayi PS4 ta hannu da abin da ya rage na kuɗin adashin aka ɗora a tibin lungu, yara na buga bal a kai tun daga hantsi. PS2 ba a sayar ba, tana cikin kwali ƙarƙashin teburin kuɗi, daren Juma'a da na Asabar bayan isha'i ake fito da ita, da sharaɗin waɗanda za su buga su haɗa kuɗin mai tun kafin a tayar da inji in babu wuta, kuma farashinsu ya zama ɗaya da na kowa. Biyu daga cikin tsofaffin sun yi fushi sun daina zuwa, ɗaya ya koma buga The Takeover, Def Jam ɗin na'urar hannu ta PSP da ya fito a 2006, a wayarsa da manhajar PPSSPP mai buga gem ɗin PSP a waya, yana cewa ai duk ɗaya ne, alhali kowa ya san shi kaɗai yake bugawa.

Kuɗin sati ya tashi kamar yadda yaron ya faɗa, kuma sun koma yin lissafi ido da ido. Oga har yanzu in ya ga bidiyon “sabon Def Jam” sai ya tura masa a WhatsApp, shi kuma ya duba ko daga shafin EA ne, ya ga ba daga nan ba ne, ya mayar masa da “Kawu, wannan ma haɗi ne.” Matsalar da ke gabansu yanzu ita ce akwatin pad huɗun, rami ɗaya ya daina karɓa, mai gyara a nan ya buɗe ya ce ba abin da zai iya yi, don haka mutum uku ke bugawa na huɗu na jira. An ba wani direban da ke zuwa Legas saƙo ya duba a kasuwar Alaba, amma ya ce sai an fara tura masa hoton abin don kar ya sayo na babbar PS2, wanda ba ya aiki da siririya.